Jirgin Da Ya Ƙi Sauka

Da hantsi aka kira Sufeto: an tsinci gawar Babban Injiniya a rumfar gwajin jiragen soja, an rotsa masa ƙeya da sifana. Kafin ya iso har an garƙame tsohon maigadi, don dai a ce an yi aiki.

Ba gawar ce ta fara ɗaukar hankalin Sufeto ba. Wani jirgi mai saukar ungulu ne tsaye cak a sama, ba kowa a cikinsa, inuwarsa kwance a kan ofis.

"Wa ke tuƙa wancan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe," in ji Mataimakin Injiniya da ya fito daga ofishin, wani dogo mai rigar aiki da hannunta ya ɗage masa. "Marigayi ya ƙera shi. Sai ya kwana ya wuni a sama bai nemi mai ba. Tun jiya yake sama, mun kira shi ya ƙi sauka."

"Kai kana ina jiya?"

"Gida. Zazzaɓi ya kwantar da ni."

Suka nufi rumfa. Sufeto ya waiga, sai ya ga inuwar tana biye da su sannu a hankali, kamar kare.

A rumfa suka tarar da matar marigayin durƙushe gaban gawa. Ƙusar da marigayin ke rataya rigar aikinsa kuwa ba komai a kanta.

"Baiwar Allah, sai haƙuri. Me kika sani game da jirgin nan?"

"Ɗansa yake ce masa. Ya yi shi ne ya nemo sojan da ya ji rauni, ya tsaya a kansa. Wata 'yar na'ura yake bi, kamar maɓalli."

"Tana ina?"

"Maigidana akwai mantuwa. Shekaranjiya na ɗinke masa ita a wuyan rigar aikinsa."

Sufeto ya ɗaga kai, ga rugugin jirgi bisa kwano.

"Malam," in ji Sufeto yana duban Mataimaki, "ɗan taka mana zuwa tsakiyar fili."

Mataimaki ya fita. Ya yi dama, inuwa ta yi dama. Ya zura da gudu, ta rufe shi. Nan ya zube yana toshe kunnuwa.

"Ku raba ni da shi! Tawa rigar ce ta ɓaci da jini, na ɗauki tasa. Tare muka sha wahalar jirgin nan, amma sunansa kaɗai zai sa. Tun jiya abin nan ke kan rufin gidana, wallahi ban runtsa ba!"

Aka tuɓe masa rigar, aka sa masa ankwa, wani kofur ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Sufeto ya ce a saki maigadi.

Matar ta karɓi rigar, ta lulluɓe mijinta da ita. Jirgin ya juyo, ya sauka a ƙofar rumfa, ya yi shiru.