Tulun da Aka Wanke

Ranar Alhamis, sha huɗu ga Afrilun 1983, aka cuci Don Anselmo Chapoñán, tsohon malamin makaranta a garin Túcume. A ranar ce abokinsa Leoncio ya sayar masa da wani baƙin tulu mai kan mujiya, irin na mutanen da, da araha, yana rantsuwa garma ce ta tono shi a gona, ba daga kabari ya fito ba. Don Anselmo ba ya ajiye ƙazanta a ɗakinsa. Ya zazzage wa kaji busasshiyar masarar da ke ciki, ya wanke tulun da sabulu.

Da magariba kajin suka ƙi shiga akurki. Gidan ya yi tsit. Can sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi, wani ya biyo, alhali titi babu kowa. Tulun ya soma fito shi kaɗai, siriri, a hankali. Autar Don Anselmo, Zoila, ta ajiye cokali, ta ce da muryar tsoho yunwa take ji. Daga ranar kome aka ba ta sai ta ture, kullum tana ramewa.

Matarsa, Doña Eufemia, ta ɗauko Maestro Teófilo mai magani. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera sanduna, ya fesa turare da baki, ya daɗe yana kaɗa caki kafin ya tambayi wanda ke jikin yarinyar.

"Guzurina ne," in ji muryar. "Da shi aka binne ni. Malam ya ba kaji."

Don Anselmo ya fara bayanin yadda aka yaudare shi.

"Rufe mana baki, Anselmo, nan ba aji ba ne," in ji matarsa.

Muryar ta nemi yarinyar a madadin guzurin. Maestro ya ƙi, ya yi tayin sabuwar masara da giyarta. Da ƙyar ta yarda, amma hannun da ya tono tulun shi zai mayar, kafin girbi, in ba haka ba, za ta dawo. Zoila ta faɗi, ta farka, ta nemi romo.

Leoncio kuwa, don tsoron 'yan sanda masu kama matona kabari, ya kafe a kan garma ce ta tono tulun. Gonaki sun fara bushewa, girbi ya matso. Ranar Lahadi Don Anselmo ya tare shi a ƙofar coci, tulun a hannu.

"Leoncio, ga mutanen Túcume. Ka faɗa musu ƙarya ka yi mini, ka nemi gafarar 'yata da ƙarfi kowa ya ji, sannan ka wuce gaba ka nuna mana ramin."