Taki Ɗaya Tsakanin Kaburbura Biyu

A maƙabartar cocinmu suka fara kallon juna, sati biyu kafin Ranar Dukan Tsarkaka, lokacin da kowa ke gyaran kabarin gidansu kada maƙwabta su samu abin faɗa. Afra tana durƙushe a na uwarta tana tankaɗe baƙar ƙasa. Quirin yana na kakansa. Taki ɗaya ne tsakanin kaburburan, a kan takin nan kuwa gidajen biyu suka shekara talatin ba gaisuwa.

"'Yar Wastl, ƙasarki na zubowa ɓangarenmu," in ji Quirin.

"To kai ƙara wurin kakanka, ga shi nan kwance."

Ya yi dariya har manjagara ta suɓuce masa. Ni ina bakin famfo ina cika buta, na ce shi ke nan, an ɗauko mana rigima.

Kafin sati ya zagayo ya kawo mata burodin nan mai kitso da samari ke ba 'yan mata a wannan lokaci. Har saƙonsa ta karanta mini: "Tsuntsuwata, na shuka furen gefe ya karkata wajenku. Shi ma ya san inda ransa yake."

Ubanta Wastl ya ga burodin, ya wurga wa kaji.

"Jikan ɓarawon iyaka? Sai dai bayan raina! Ga Benno mahauci yana sonki, ki buɗe ido."

Ana gobe bikin Dukan Tsarkaka aka wayi gari kabarin uwar Afra a hargitse. An tuge furanni, an farfasa fitilun kyandir, ga manjagarar Quirin yashe a kai. Quirin na shigowa Wastl ya tare shi da butar ƙarfe, ya sauke masa a fuska. Hanci ya fashe, haƙori ya yi tsalle cikin tsakuwa. Ya ƙara masa a haƙarƙari, ya bi shi ƙasa da takalmi.

"Baba Wastl, ka saurare ni..."

"Uban wa kake kira Baba?"

Ni na ga wanda ya yi ɓarnar, amma hannun Wastl ya fi ƙafata sauri.

Afra ta aika masa: "Uwata ce fa, Quirin. Kada ka ƙara kirana."

Da yamma Quirin ya dawo da tsumma a hanci, ya tuge duk furannin kabarin kakansa, ya dasa a na uwarta, har fitilun ya kwashe. Nasu ya bari tsirara kamar gonar da aka cire dankali. Ubansa ya gani, ya cike masa ido ɗaya da naushi.

Ranar biki kowane gida ya tsaya a kan kabarinsa da sabuwar kwat, ana jiran Fada, limamin cocin, ya zagayo da ruwa mai tsarki. Addu'a a baki, ido a kabarin maƙwabci. Duk gari na kallon tsirarar ƙasar su Quirin, uwarsa kamar ta nutse. Benno kuwa ya liƙe a gefen Wastl kamar an riga an ba shi Afra.

Na matsa na ce, "Benno ɗana, hannun ya yi sauƙi? Gilashin fitila akwai kaifi. Jiya da asuba na ga kana ta fama."

Ya yi wuf ya tura hannun a aljihu. Wastl ya fizgo hannun, ga bandeji. Mari ɗaya, mahauci ya kifa cikin tulin busassun ganye. Fada ya tsaya cak da sandar yayyafi.

Afra ta dubi furannin da ke kan uwarta, ta gane mai karkatar nan. Sai ta ɗaga ƙafa ta tsallaka takin, ta tsaya gefen Quirin a kan kabarin da ba komai.

"Afra, dawo nan!" in ji Wastl.

"Baba, nan zan tsaya. Bana da baɗi."

Ta riƙe hannun Quirin. "Ka yafe mini, mai giɓina."

"Tsuntsuwata, kar ki ba ni dariya, haƙarƙarina."

Wastl ya daɗe yana huci. Can ya sunkuya, ya ɗauki fitila ɗaya daga kabarin matarsa, ya dangwarar a na su Quirin, bai kalli kowa ba.

Da kaka ta zagayo Fada ya ɗaura musu aure. Wastl da kansa ya kai ango wurin likitan haƙori. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai sanyin hannu. Takin nan kuwa sun shuke shi da fure, yanzu tsofaffin biyu, Wastl da uban Quirin, faɗansu a kan wa zai ba shi ruwa.