Ƙunshin da Ke Bayan Kabad

Ka taɓa ganin wanda ya kulle ƙofa da hannunsa, sannan ya zauna yana faɗan baƙo ya ƙi shigowa?

Auta na wanke-wanke a tsakar gida Baba ya sake nanata sharaɗinsa: saurayinta Dogo ba zai turo magabatansa ba sai takardar digirinsa ta sauka kan wannan tabarma. Shekara biyu da gama jami'arsa, amma kwamfuta ta kafe cewa akwai jarrabawa ɗaya da bai zauna ba. Dogo ya rantse har ya gaji. Baba kuwa, da ya shekara talatin a ofishin sakamako na jami'ar, cewa yake kwamfuta ba ta ƙarya, sai dai malalacin yaro.

Wata rana Auta ta kai masa abinci ofis, ta tarar ya fita. Abokin aikinsa, tsoho mai barkwanci, ya ce amaryar da babu ango ta zauna ta huta. Cikin hira ya ba ta labarin shekarar da doka ta zo daga sama, wai a fitar da sakamako cikin mako uku. Doka mai kyau, in ji shi, sai dai ba a ƙara musu ko mutum ɗaya ba. Duk ƙunshin takardun da ya makara, "bai zauna ba" suka buga, suka cilla shi bayan kabad.

Auta ta leƙa bayan kabad ɗin, ta jawo ƙunshi ɗaya, ta kwance igiya tana atishawa. A takarda ta tara ta gane rubutun Dogo, ga maki sittin da takwas da jan biro.

A gida ta miƙa wa Baba takardar.

"Ni na buga, Auta," ya ce. "Da yatsan nan."

Inna ta roƙe shi ya rufa wa kansa asiri, saura wata uku ya yi ritaya. Bai ji ba, ya rubuta gaskiya ya kai wa hukumar jami'a, ya kuma janye sharaɗinsa. Sai aka ce masa sabon tsari ya rushe kwamitin gyaran sakamako, ba a naɗa wani ba tukuna.

Yanzu iyayen Dogo ne suka ce babu aure sai da aiki, aiki kuma sai da takarda. Auta na nan tana jira, lallen da Inna ta saya ya bushe a leda.

Doka ba ta aiki da kanta, hannu take buƙata. In kana zaune a irin wannan ofis, don Allah tashi yau ka leƙa bayan kabad.