Takalman Baba Lawandi

Ku matso kusa. Ke Zulai, kife wayar nan, ba zan maimaita ba. Kun daɗe kuna tambayata me ya sa ba a barin Gwaggo Safiya ita kaɗai in hadari ya haɗo. To yau ku ji.

Kun san tana da ciwon suga. Likita ya ce ko ta riƙa motsa jiki kullum, ko wata rana a yanke mata ƙafa. Shi ne mijinta, Baba Lawandi, ya sayo mata injin gudun nan, wanda ake gudu a kansa ba a zuwa ko'ina. Ya ajiye a gareji. Gwaggo kuwa akwai son jiki, balle in ana ruwa. Sai ya sa fararen takalmansa na atisaye, ya tsaya gefenta yana ƙirga mata yana buga ƙafa.

"Saura kaɗan, Takwarar Inna."

Haka yake kiranta. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka shekara ashirin da bakwai bai taɓa furta Safiya ba.

Farkon damina Allah Ya yi masa rasuwa. Gwaggo ta shiga takaba, aka kai ni in zauna da ita. Da aka zo rabar da tufafinsa sadaka, ta ɓoye takalman nan a ƙarƙashin gado. Na gani, ban tona ba. Injin ya yi ƙura. Ƙafarta ta kumbura har silifa ba ya shiga. Na yi lallashi, na yi faɗa, sai ta ce, "Hajjo, wa zai ƙirga mini?" Sai in shiga banɗaki in yi kukana.

Wata Laraba bayan la'asar gari ya yi baƙi ƙirin. Aka ɗauke wuta. Ruwa ya tsinke a kan kwano. Can sai na ji ƙarar injin.

Babu wuta fa. Ko fitila ɗaya ba ta ci.

Na lallaɓa na leƙa ta kafar ƙofa. Ga Gwaggo a kai da mayafin takabarta, tana sassarfa, hawaye na zuba, tana murmushi. A gefenta ga takalman nan. Su kaɗai. Na dama yana ɗagawa yana buga ƙasa. Sai murya ta fito, wallahi ta Baba Lawandi sak.

"Saura kaɗan, Safiya."

Tsigar jikina ta tashi. Na koma ɗaki da rarrafe.

Daga ranar, duk sanda aka yi ruwa sai ta shige gareji. Kumburin ya saɓe. Likita har yabonta ya yi. Amma ni na lura kullum lokacin ƙaruwa yake, kuma "saura kaɗan" ɗin nan ba ya ƙarewa. Ran nan tun la'asar har aka kira magariba ba ta fito ba. Na banka ƙofa. Leɓenta ya yi fari, injin sai ƙara sauri yake. Na yi a'uziyya da ƙarfi, na fizgo ta muka zube. Injin ya tsaya. Takalman suka kwanta gefe, kamar an tuɓe su a bakin masallaci.

Na ce, "Gwaggo, ba Baba ba ne. Mamaci ba ya dawowa. Ba ki ji sunan da ya kira ki ba?"

Ta daɗe tana haki. Sannan ta ce, "Tun ranar farko na sani, Hajjo. Shi ko a mafarki ba zai faɗi sunan nan ba. Muryar ce na kasa bari."

Washegari da kaina na kai takalman wurin liman. Har yau ban yafe wa kaina kallon da ta bi ni da shi ba. Sau biyu aka yi mata mutuwar miji, ta biyun ni na yi mata.

Yanzu kun san dalili. In hadari ya haɗo, kada wanda ya shiga garejin nan shi kaɗai, kada kuma a bar ta. Duk wanda ke kusa ya bi ta, ya tsaya gefe ya ƙirga mata. Amma in ta juyo ta dube ku, ku sunkuyar da kai. Ba ku take nema ba.