Wuyan Sa'ida

Ana cirar gyaɗa a gonar babanta, can bayan Bici, ranar da Dallatu ya fara ganin Sa'ida. Ya tsayar da babur yana neman ruwan sha. Tana miƙo masa kwano mayafinta ya zame, ya ga kumburin maƙoƙo a wuyanta kamar ƙwan zabo. Ta yi saurin rufewa. Shi kuwa idanunta ne suka bi shi har gida.

A lokacin yana karatun kimiyya a kwaleji. Zauren da suke zance an daɗe da rushe shi, amma har yau yana tuna ƙamshin darbejiyar ƙofar gidan.

Wata la'asar ya ce, "Kin san wata 'yar tsoka ce a wuya? Ƙwayoyinta ke zuƙo wani sinadarin abinci mai suna aidin daga jini, ƙwaƙwalwa kuma ke aiko musu da sinadarin da ke sa su aiki. In aidin ya yi ƙaranci a abinci, sai aiken ya yawaita, tsokar ta yi ta girma."

Ta sunkuyar da kai. Yana isa gida saƙonta ya shigo:

"Malam Dallatu, in darasi kake nema a wuyana, ka koma makaranta. Kada ka sake zuwa."

Ya daɗe riƙe da 'yar wayarsa mai madannai kafin ya rubuta:

"Sa'idata, in na gan ki ruɗewa nake yi, sai in kama surutun abin da na iya. Ko kumburin ya tafi ko ya zauna, ke nake zuwa gani."

Sai da aka kwana biyu ta amsa: "To, ka zo. Amma ban da lacca."

Saura mahaifiyarsa, Inna Fadima. "Ciwon gado ne," in ji ta, "ba zan ga jikokina da shi ba. Ga Aina'u 'yar kawunka."

"Inna, alfarma ɗaya. Ki raka ta asibiti a Kano, ki ji da kunnenki."

Da ƙyar ta yarda. Likita ta auna jini, ta ce ƙarancin aidin ne, ta rubuta magani, ta ce a koma gishirin leda mai aidin. A hanyar dawowa barci ya sace Sa'ida, kanta ya faɗa kafaɗar Inna. Tsohuwar ba ta motsa ba har Bici, don kada ta tashe ta.

Kumburin ya ragu, bai ɓace duka ba. Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Inna ta kwance sarƙar da ta yi nata auren da ita, ta ɗaura wa amarya da hannunta.

"Ɗago kanki, 'yata. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Mata suka amsa da amin, Sa'ida ta ɗago.