Ruwan Tsatsa a Gindin Tsamiya

A shekarar da fari ya share shanun ƙasar Kurfai, har ungulu suka ƙoshi suka daina sauka, Kailu ya rasa abin da zai sa a gaba sai wani mataccen babur. Na wani akawu ne tun zamanin Nasara, ya daɗe yashe a bayan shago a Filinge. Kailu ya ba da tunkiyarsa ta ƙarshe ya turo shi gida. In babur ya tashi, zai riƙa ɗauko hatsi daga kasuwar Bankuku, gida ya ci. In bai tashi ba, sai su bi ayarin masu gudun yunwa zuwa Yamai.

Tsatsa kuwa ta yi wa injin cin ƙeta. Fistan ya manne, notuna sun ƙi juyawa. Ya jiƙa su da kananzir, ya dirje da yashi, ya kankare da wuƙa har faratansa suka yi ja, a banza. Wani maƙeri ya ce masa tafasasshen ruwan tsamiya ne maganinta. Sai ya kaɗe tsamiyar bayan gida tas, ya ɗora tukunyar tuwon matarsa Dijatu, ya juye ƙarafan a ciki.

Dijatu ta ce, "Maigida, ruwan ga ɗiyarka Haske ta jawo shi tun hantsi, igiya ta yanke mata hannu. Ƙarhe za ka dahwa muna?"

"Ki ruhe mani baki," in ji shi.

Rana ta faɗi, gari ya yi jugum. Ya tsamo ƙarafan, ga su fes suna ƙyalli. Don murna sai ya sungumi tukunyar, ya watsa jan ruwan nan yana tururi a gindin tsamiya. Da magariba fa! Ba bisimilla, ba "ku kauce". Haba Kailu, ko yaron goye ya san ba mu kaɗai ke zaune a gari ba.

Kaji suka yi tsit a akurki. Can sai dutse ya faɗo tsakar gida, wani ya biyo shi. Dijatu ta taɓa ɗaya ta yar, da zafi kamar an ciro shi daga murhu. Daga bayan darni kuma wani siririn kuka ya taso, irin na jaririn da ya gaji da kuka.

Haka aka yi ta yi duk faɗuwar rana. Kailu, don taurin kai, ya ce 'yan baƙin ciki ne ke jifansa, ya ci gaba da shafa wa fistan mai. Ran nan 'yarsu Haske tana shigowa da tulu ta yanke jiki ta faɗi. Da ta buɗe baki, muryar tsohuwa ce ta fito, tana tsine wa gidan.

Aka ɗauko Malam Magagi daga Tabla, dattijo mai kaushin harshe. Bai ko amsa gaisuwar Kailu ba. Ya sa aka kawo garwashi, ya barbaɗa turare, ya riƙe babban yatsan yarinyar yana karatu a hankali, har ta fara gurnani.

"Ke wace ce, mi kika nema ga ɗiyar mutane?"

"Ɗana na kwance gindin icce, hwatarshi ta saɓule," in ji muryar. "Ku ɗai ka jin yunwa? Rijiyoyi sun ƙahe, tsamiya ɗai ta rage muna. Mai gidan ga ya kaɗe ta, ya ƙona mani ɗa da ruwan ƙarhe. Ɗiyarshi nika ɗauka."

"Ba ki isa ba. A yanka maki baƙin bunsuru."

Ta sheƙe da dariyar da ta sa Dijatu toshe kunne. "Bunsurun bana? Ƙashi da hwata! In dai ba ɗiyar ba, ƙarhen nika so. A binne shi inda ya zuba ruwan, tsatsa ta ci abinta."

Malam ya juyo ya dubi Kailu. Kailu ya dubi ƙarafan da ke shanye a kan buhu. Ya yi ta kallonsu, wallahi ya yi ta kallonsu, har garwashin ya fara toka. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, a tambaye ta, ko za ta amshi rabi."

Sai Dijatu ta yunƙura. Ta tashi ta tattare ƙarafan a zanenta, ta ɗauki kalme, ta haƙa rami a gindin tsamiya da hannunta, ta zuba, ta rufe. Haske ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Jifa ya tsaya daga ranar.

Ba a yi sati ba suka ɗaure kaya suka bi hanyar Yamai a ƙafa. Da rana ta take, Kailu ya miƙa wa 'yarsa gorar ruwa. Ba ta karɓa ba.

"Na ji ku, Baba," ta ce. "Bakina ta ara, amma kunnuwan nawa na."

Ta gyara ɗaurin kayanta, ta koma gefen uwarta.