Kujerar Gefen Direba

"Yau za ki faɗa masa, ko ni in faɗa masa da bakina!"

Umma ta dangwarar da wayar a kan keken ɗinki, ta fice daga shagon dafe da ƙirji. Rediyo ta bi ta da kallo. Sunan da Baba ya laƙaba mata ke nan tun tana 'yar mitsitsiya, ya bi ta har girma, ko da yake yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba.

Duk aikin 'yar mai gidan hayarsu ne. Ta daɗe tana yi wa Dogo, direban da ke neman auren Rediyo, kwalliya a banza. Da ta ga ko kallo ba ta ishe shi ba, sai ta tono tsohon hoton motarsa kife a cikin yashi ta kai wa Umma, har da ƙwallar munafunci. Tun ranar jinin Umma ya hau.

"Na binne direba ɗaya," in ji ta, "ba zan zauna in ga kin binne na biyu ba."

Baba direban babbar mota ne. Duk hutun makaranta yakan ɗora Rediyo a kujerar gefe su nausa cikin hamada. Har yau tana jin zafin kujerar nan a cinyarta, tana ganin jarkar ruwa naɗe da jiƙaƙƙen buhu, da kwaltar da yashi ya cinye rabinta. Sai su wuni ba mutum ba tsuntsu, sai yagaggun tayoyi a gefen hanya. In rediyon motar ya koma shuuu, Baba ya kashe shi ya ce, "To uwata, kunna naki."

Aikinta ke nan, hana shi barci. Ta yi labari, ta yi ƙarya, ta yi gulmar malamansu, in ta ga idonsa na lumshewa ta murɗe masa kunne. Shekarar da aka ce ta yi girma da yawon hanya, Baba ya tafi shi kaɗai. Da rana tsaka aka tsinci motar a kwance, babu ko alamar ya taka birki.

Daga nan bakinta ya mutu. Bai sake tashi ba sai ranar da Dogo ya kawo ɗinkin labulen motarsa, yana warin man dizal da ƙura. Tun lokacin, in ya ɗauki hanya sai ya kira ta, ta yi ta zuba har inda sabis ke yankewa.

Wayar ta hau ruri. Ta goge ido ta ɗauka.

"Rediyona! Kunna min, rana ta fara narka ni."

Ba a faɗa wa mai tuƙi mugun labari, wannan tun tana yarinya ta sani. Sai ta kama ba shi labarin matar da ta kawo yadin mutum ɗaya tana son rigar mutum biyu. Tana dariya, hawaye na ɗiga a kan zanin mutane.

"Tsaya," ya ce. "Dariyar nan ta yi yawa."

Ta ji hucin birki, ta ji injin ya mutu. Sai iska kawai.

"Na sauka gefe, na kashe mota. Faɗa min, masoyiya."

"Umma ta ƙi..."

"Zan turo manya."

"Ta ce sai dai in ka bar hanya."



"In na ce miki zan bari, ƙarya zan yi. Wata ɗaya a gari sai in ji kamar an rufe ni a kwali. Ke kin sani, kin fi kowa sani."

Ta sani kuwa, don abin da ya sa ta so shi ke nan.

"To ki biyo ni! Kujerar gefe taki ce!"

Wallahi babu abin da take so a duniya kamar kujerar nan. Amma ta tagar shago tana hango Umma zaune a dakali ita kaɗai, ta zuba wa titi ido, irin zaman da ta saba tun zamanin Baba.

"In na tafi, mutum biyu za ta riƙa jira... In na zauna, kullum sabis ya yanke sai na mutu na dawo. Ba Umma kaɗai ba ce, Dogo. Ni ma ba zan iya ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, abin ƙaunata. Ka yafe min."

Ta ji yana jan hanci, ta ji ƙarar mukulli.

"Kar ka tayar da motar nan!" ta daka masa tsawa. "Ba za ka yi tuƙi a haka ba. Ja labule ka kwanta."

"Barci ba zai zo ba."

"Zai zo. Ina nan, ba zan kashe ba."

Ta rage murya ta ci gaba da labarin matar yadi, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Yana amsawa da "uhm", har ya daina. Numfashinsa ya yi nauyi, ya daidaita.

Ta daɗe tana saurare, wayar manne da kunnenta.

Sannan ta kashe, ta jawo zanin mutane ta ɗora ƙafa a kan keke.